Ƙafa Ɗaya a Tashar Makarfi

A tashar Makarfi, ana jiran motar Ikara ta cika, wani dattijo ya tsaya da ƙafa ɗaya, hannuwa a sama. Wani mai rake ya zuba masa ido.

"Baba, lafiya? Ko kunama ce ta harbe ka?"

"Kunamar gidanku! Yoga ke nan, motsa jiki. Yi in gani in ka isa."

"Yoga? Ba bautar Indiyawa ba ce? Da furfurarka?"

"Maƙwabcina Yunana ya koya mini a garinmu Gazara. Ba wanda muke kira, numfashi ne da miƙa."

"Ni dai ina jiye maka."

"Jiye wa kanka. Bara warhaka noman rake ya gama da gadon bayan nan nawa. A kujerar roba nake salla, can ƙarshen sahu, yara na leƙena. Juma'ar nan a sahun gaba na yi sujada, goshina a ƙasa, na miƙe ba wanda ya kama ni."

Mai raken ya dafa ƙugunsa yana yamutsa fuska.

"Baba, ƙafar dama ake fara ɗagawa, ko ta hagu?"