Mahamudu, Wanda Ya Riƙe Hancin Mota a Tsakiyar Ruwa

Da sunan Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa.

Sarkin Zongon Salaga, Allah ya ja zamaninka. Liman da malamai, Allah ya gafarta muku. Sarkin direbobi, 'yan kasuwar da kuka taso daga Yendi da Bawku, sannunku da hanya. Mma Zenabu, mahaifiyar mamaci, da Asiatu matarsa, da ƙanensa Kassim, Allah ya ba ku haƙuri.

Ni Sidiku mai goro aka sa in yi magana a madadinmu, mu waɗanda Mahamudu ya yi ta ɗauka da kayanmu daga nan zuwa Bawku.

Ya kasance mai tsoron ruwa, ba ya kuma jin kunyar faɗa. Yakan ce mota kamar mutum take, da hanci take numfashi. Hancin nan yana ƙasa, kusa da inji, in ya shaƙi ruwa ko laka, inji ya mutu nan take, ba ya kuma tashi. Tun da aka fara wannan yaƙi na Turawa kayan gyara suka daina zuwa daga Kumasi, sai ya je wurin maƙera suka naɗa masa bututun kwano. Ya haɗa shi da hancin, ya ɗaga bakinsa har saman kan direba, ya ɗaure mahaɗin da fata, ya shafe da man inji.

Ya kasance in ya iso mashigi sai ya tsaya. Ya sauka, ya shiga ruwan da ƙafarsa, ya dawo ya shafa bututun daga sama har ƙasa. Mu kuwa muna bisa kaya muna ta mita, goro na bushewa.

Ya kasance ba ya wuce motar da ta tsaya a hanya.

Ranar da abin ya faru ina cikin motarsa. Mun bar Yendi da hantsi, mun nufi Gushegu. Ba a yi ko yayyafi a kanmu ba, amma arewa ta yi baƙi ƙirin. Da muka iso rafin da ke kan hanyar sai muka tarar ruwan ya koma ja, yana tafe da ciyawa da rassa. A tsakiyarsa ga motar Hudu, abokin aikinsa, ta sha ruwa ta mutu, mata da yara cike a bayanta suna salati.

Mahamudu ya ce mu sauka. Na ce masa, "Ruwan nan ƙaruwa yake yi."

Ya ce, "Na gani, Baba Sidiku. Shi ya sa ba zan jira ba."

Ya shiga da motarsa, ya kwashi matan da yaran, ya fito da su. Ya koma don mazan da suka rage, har da Hudu. Sun gama hawa ke nan sai ga wani kututture ruwa ya kawo, ya bugi gefen motar. Bututun ya tsage a mahaɗi. Daga gaɓa muka ji muryar injin ta canza, yana tari kamar mai shaƙewa.

Mahamudu ya yi wa Hudu tsawa, "Karɓi sitiyari! Kome ka ji, kada ka ɗaga ƙafarka!"

Ya fita ya kwanta a kan murfin injin, ya tuɓe rigarsa, ya naɗe tsagar, ya danne ta da hannu biyu. Ruwa na bugun ƙirjinsa, ba shi da hannun da zai riƙe wani abu. Haka motar ta yi ta jan jiki har ta kusa gaɓa. Da ƙafarta ta gaba ta faɗa ramin laka, ta karkata, sai ya zame. Motar ta hau tudu da kowa a cikinta. Rigarsa na nan naɗe a bututun. Shi kuwa sai bayan kwanaki masunta suka tsince shi can ƙasa.

Hudu, ɗaga kanka. Abin da ya ce ka yi shi ka yi. Da ka tsaya, da yau ba gida ɗaya ake zaman makoki ba.

Mma Zenabu, matan nan da ke zaune bayanki daga Bawku suka zo, su ne ya fitar. Asiatu, cikin da kike ɗauke da shi amana ce a wuyanmu duka. Kassim, gidan yanzu a hannunka yake, ba kuma za mu bar ka kai kaɗai ba.

Jama'a, damina ba ta ƙare ba. Waɗanda suka iso jiya sun ce rafin ya ci gaɓarsa, ya kuma haƙa sabon rami a inda ake bi. Gobe da safe akwai motocin da za su tashi daga tashar nan, har an ɗaure musu kaya, masu shigarsu kuwa suna zaune a cikinmu yanzu.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Mahamudu, ya karɓi shahadarsa, ya haskaka kabarinsa. Masu tafiya gobe kuma, ya Allah, ka ƙetarar da su, ka dawo mana da su.

Liman, a yi mana Fatiha.