Kujerar Gaba

A tashar Illela, motar Sakkwato tana jiran cika. Wani magidanci ya bar wa wani tsoho mai sanda kujerar gaba, shi ya tsaya a bakin taga.

"Baba, yanar ido ce?"

"Ita ce, ɗana. Rufe ni ta yi ruf."

"Ai yanzu aikin ba wuya. Likita zai cire yanar, ya sa maka wani ɗan gilashi cikin idon, bai kai ɓawon kifi ba. Washegari sai gani."

"Na ji ana faɗi."

"To mi kake jira?"

"Kai dai bari. Makaho ba a aikensa gona, ba ya bin layi. Ɗiyana suna ta'asarsu gabana a rumfar albasa, ba su ɓoye komi. Mai ido mi ya samu?"

"Haba Baba, gani ai ni'ima ne."

"Ni'ima ne mana. Maƙwabcina na Amarawa da aka yi mashi, ko sallamar asibiti ba a gama ba aka miƙa mashi hauya. Af, wancan mai jar hula can bayan mai shayi, buhunka ne yake ɗauka?"

Magidancin ya waiga, ya ƙura ido.

"Nashi ne. Baba, har can ka hango?"

"Bara aka yi mini, duka biyun. Rufa mini asiri."

"To kujerata fa?"

"Ido likita ya gyara, ɗana. Gwiwa tana nan yadda take."