Ranar Da Na Wuce Shataletale

Kuɗin motar da na tafi Legas da su ba nawa ba ne, Baba Saje ne ya ba ni. Ku matso kusa, ku da kuke cewa bana sai kun bar Zuru. Kai Markus, aje wayar nan. Baba Saje dai kun san shi, tsohon sojan nan na bayan coci, mai tafiya kamar har yau ana fareti. Lokacin bai yi ritaya ba. Ya zo hutu bayan girbin dawa, ya iske ni gindin mangwaro, ba aikin fari balle na baƙi. Ya zaro kuɗi daga aljihun kakinsa ya ce, "Ungo, Danladi, kyauta ce. Tafi ka koyo abin da za ka ci abinci da shi. Kada ka komo mini da baƙin tabarau da askin banza."

Tabarau kam na saya, tun a makon farko.

Ɗakin da na sauka mu shida ne a ciki. Mai gidan wata tsohuwa ce da ake kira Mama Landiledi, na yi wata biyu ina zaton sunanta ne na yanka, ashe "mai gidan haya" ne da Turanci. Kullum da safe tana bakin famfo tana gadi.

"Malam, bokiti nawa ka yi wanka da shi?"

"Ɗaya, Mama."

"Ɗaya? Jikinka ka wanke ko tirela?"

"Mama, ni fa ba malam ba ne, coci nake zuwa."

"Duk wanda ya fito daga can Malam ne. Matsa!"

Aikin da na samu a filin sayar da motocin tokumbo ne, wato waɗanda Turawa suka gama more su suka turo mana. Maigidana ana ce masa Oga Sande, gajere mai tumbi, kuma ƙananan jip ya fi kawowa, irin masu tsayin ƙafa da kowa yake sha'awa. Da wanki na fara, na koma riƙe wa bakanike sifana, har na zama ni ne mai shiga ƙarƙashi. Ku saurara da kyau, don na san cikinku akwai mai mafarkin irinta. Ƙaramar jip in ta tsufa, ciwonta sananne ne. Shokozoba ke fara mutuwa, ka ji ta ƙwaram-ƙwaram a kan gargada, wannan da sauƙi, buhun dawa uku ya kashe maganar. Sai shan baƙin mai, ka zuba yau, jibi ka duba ka ga wayam. In lagireto ya toshe ta dinga zafi kana cewa bari dai in ƙarasa, to gaskit zai ƙone, ka yi sallama da ragonka na Kirsimeti da na maƙwabcinka. Amma uwa uba giyabos, na masu canza giya da kansu. Shi in ya tashi, ka nemo bijimai biyu ka kai kasuwa.

Oga Sande ba ya gyara irin wannan, kwalliya yake musu. A zuba mai mai kauri don inji ya yi shiru, a wanke shi ya yi ƙyalli, a cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada ta tona asiri. Ni nake yi, da hannun nan. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yabona yake ina jin daɗi. Mataccen giyabos kuma yana da wata ɗabi'a: da sanyi lafiya lau yake, sai ya yi zafi yake nuna halinsa. Shi ya sa Oga ya kafa doka. In mai saye ya ce a gwada, ni ke tuƙi, Oga na baya, mu je shataletalen da ke ƙarshen layi mu zagayo. Minti bakwai. Wuce shataletale kuwa daidai yake da ajiye aiki.

Ina shekara ta huɗu, wata Talata da hantsi ina ƙarƙashin mota, sai na ga takalmin da na sani, an goge shi yana ɗaukar ido. Na fito, ga Baba Saje da jaka a hammata. Ya yi ritaya, an biya shi kuɗin sallama na shekara talatin da biyar, ya taho takanas.

"Ɗana, mota nika so mai tsayi," ya ce. "Ka san hanyar ƙauyenmu wajen Wasagu da damina. Matata, Mamanku Laraba, ba ta iya hawan mashin yanzu, ƙafar ga ta matsa mata, ga asibiti duk wata."

Kafin in buɗe baki idonsa ya sauka kan wata ruwan toka da ke gaba-gaba. Jiya-jiya na cire mata ƙwan fitilar gargaɗi. Giyabos ɗinta kuwa ko kyauta aka ba ka, ka yi godiya ka wuce.

Oga ya jawo ni gefe yana murmushi. "Mutumin garinku ne ko? Madalla. Da kai zai yarda. La'adarka ninki biyu."

Muka shiga. Baba Saje a gefena ya rungume jaka, Oga a baya yana zuba, wai wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci. Duk motocin filin nan tsohuwar Baturiyar nan ce ta hau su, Allah ya ba ta lada. Motar na tafiya sumul, iska mai sanyi na busawa. Baba Saje ya shafa kujera ya ce, "Laraba za ta ji daɗin wagga." Wallahi tsoro nake ji. Ina tuna kuɗin ɗakin Mama Landiledi da ba ta jiran kowa, ina kallon jakar nan. Ga shataletale ya taso. Na sa sigina, sai kuma na kashe ta na miƙe.

"Danladi, ka wuce."

"Na gani, Oga."

"To juya mana!"

"Ba wurin juyi, Oga, sai gaba."

"Ga wuri nan! Ga wani nan! Ka kurumce ne?"

Na hau gada na tsunduma cikin cunkoso, inda mota ke tafiyar kunkuru rana na dukanta. Minti ashirin, talatin. Oga ya daina labarin Baturiya, ya koma zagina da yarensu. Can sai ta yi wata zabura kamar akuyar da aka fizga da igiya. Na taka mai, inji ya yi kuka, mota ba ta motsa ba. Ƙaurin mai ya cika ciki.

Baba Saje ya dube ni. "Mi ya faru?"

"Giyabos ne, Baba. Ya mutu tun kafin ta sauka daga jirgi. Fitilar da za ta gaya maka, ni na cire ƙwanta."

Na baya suna ta hon, dole a ture ta gefe. Ni ke riƙe da sitiyari, Baba Saje ya ƙi sakin jakarsa, don haka mai mota ne ya sauka turi. Ku ga Oga Sande da tumbinsa a tsakiyar gada, gumi na zuba, yana turi yana ihu: "Na kore ka! Karya hagu! Na ce na kore ka! Hagu, ɗan banza!" Baba Saje kuwa ya leƙa ta taga yana ba shi lef-rai, lef-rai.

Kwana huɗu muka yi muna zaga filaye. Duk wadda ya nuna, sai in ce a ba ni awa guda a kan titi, wanda ya ƙi mu yi gaba. A ƙarshe muka samu wata koriya, fentinta ya koɗe, shokozoba biyu sun mutu, amma giyabos garau. Ita ce wadda kuke gani a ƙofar gidansa. Ita ta sa har yau mutanen Mahuta da Bena ba sa biyan kuɗin motar da za su saya sai sun ce a kira Danladi ya zagaya da ita.

Ni na tuƙo mu gida. Duk abin da na tara a Legas yana kujerar baya: akwatin sifanu, jakar kaya ɗaya, da tabarau. Har muka wuce Kontagora Baba Saje bai tada maganar ba. Ni ne na kasa haƙuri, na ce, "Baba, kai da ka yi shekaru cikin motocin soja, ai na san da ka duba ta da kyau kafin ka biya."

Ya girgiza kai. "Duba mi? Da ka zagayo a shataletalen ga, da na zazzage jakar nan gaba ɗaya ban ko buɗe bonet ba. Kai fa ke tuƙi."

Na gangara gefen titi na tsaya, na ce masa bari in duba tayar baya. Na daɗe a tsugune a wurin. Tayar lafiyarta ƙalau.