Yatsu Uku da Jitar Malam Lawal

Salama a gare ku cikin sunan Yesu mai ceto, iyayena da 'yan'uwana. Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Bitrus, daga wani ƙauye bayan Yashe. Ni ke kaɗa jita a majami'ar nan tun ban yi aure ba.

Shekara uku ke nan, da kaka, ina tura masara cikin injin casa, bel ya kama mani hannun riga. Kafin a kashe injin, ƙaramin yatsana na hagu da na kusa da shi sun tafi. Hannun da nake danne tsirkiya da shi fa!

An ba ni tramol saboda zafi. Ciwo ya warke, ni ban daina ba. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma ban san iyaka ba. Kuna ganina a bencin baya ina gyangyaɗi, kuna cewa gajiyar gona ce. Wace gona? Matata Rifkatu ce ke noman, ni ina gindin darbejiya ina jin haushin Allah.

Ranar da ta tsinci fakitin ƙwayar cikin buhun gero, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Baban Alheri, inji yatsu biyu ya ci. Sauran jikin kai ke cinye shi da kanka."

Ita ce ta ji labarin wani kafinta a Kankia, wai yana haɗa jitar lantarki da hannunsa. Na ce, "Ke dai kin cika kwashe-kwashe. Mai gado da kujera ne zai yi jita?" Sai da ta sa ni gaba har mota.

Kafintan, Malam Lawal, dattijo ne, Musulmi, ba shi da yawan magana. Shi ke sassaƙa katakon, shi ke naɗa wayar tagulla a kan maganaɗisu don ta ɗauki sauti. Ya juya hannuna ya duba, ko tsaki na tausayi bai yi ba. Ya ce, "Wuyan jitar kanti ya yi maka faɗi. Zan yi maka siriri. Amma sai kana zuwa duk sati kana riƙewa, kana gaya mani inda ke takura maka."

Na je sati na farko, na riƙe, na ce daidai ne. Sati na biyu ma na ce daidai ne. A na uku ya karɓe katakon daga hannuna ya ajiye.

"Da gangan na bar ƙullutu a nan," in ji shi. "Ko makaho ya shafa zai ji. Kai ba ka ji ba. Malam Bitrus, me kake sha?"

Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige!

Ya ce, "Ba zan yi maka wa'azi ba, kuna da Fastonku. Amma ba na auna hannun da ba ya ji. Ranar da ka fara jin itace ka dawo." Aka kira azahar, ya ɗauki butarsa ya tafi, ya bar ni ni kaɗai a rumfar.

Nan na durƙusa cikin garin katako. Na ce, "Ya Yesu, na yi ta fushi da kai a kan yatsu biyu. Ga uku ka bar mani, ban taɓa cewa na gode ba, har na kashe su da hannuna. Ka yi mani jinƙai, ka dawo mani da jinsu." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar injin.

Ba zan ce maku nan take na warke ba. Na faɗa wa Fasto komai, ya raka ni asibiti. Na yi sati biyu ina zufa, ina amai, jikina kamar tururuwa na bi. Na ma koma na sha sau ɗaya, ba zan ɓoye ba. Rifkatu da matan zumunta ba su gaji da addu'a ba.

Bayan wata biyu na koma Kankia. Ina riƙe katakon na ce, "Kai, Malam! Wannan abu yana tokare mani babban yatsa!" Ya yi dariya har ya dafa benci, ya ce, "To, sannu da zuwa."

Ga jitar nan kuna gani. Ta itacen maɗaci ce, nauyinta sai ka ce turmi, kafaɗata ta shaida. In damina ta yi sai wuyan ya ɗan motsa, in kai mashi ya gyara. In an tada janareta tana gurnani, Rifkatu ta ce ta fi akuyarta surutu. Amma duk safiyar da sha'awar ƙwayar ta taso, ita nake ɗauka, in danna tsirkiya har yatsuna su yi zafi. Zafin nan ina gode wa Allah dominsa. Wata goma sha huɗu yau ban sha ba. Halleluya!

Na gode wa Ubangiji, na gode wa matata, Allah kuma ya sāka wa Malam Lawal da alheri. Kai da kake zaune da irin abin nan a aljihu, kada ka ce ka wuce gyara. Ka dogara ga Yesu, ka same ni bayan sujada, ba wanda zai ji.

Yanzu zan kaɗa maku. Akwai wurin da yatsuna ba su kaiwa a waƙar nan. In kun ji na yi shiru, ku ɗaga murya ku cike mani.