Dashen Mangwaron Zara'u

A tashar Tasawa, Zara'u na jiran motar Hawandawaki, da dashen mangwaro cikin gwangwani bisa cinyarta. Wata Bafillatana mai tallan nono ta ƙura ma wuyanta ido.

"Baiwar Allah, maƙoƙo ne ke taso miki. Je ki wurin wanzami, tsaga kaɗan zai yi ya sace."

"Inna, kar wanda ya taɓa min shi. Ciwon daji gare ni a ƙoda. Ruwan maganin da ake ƙara min a asibitin Yamai yana tada sojojin jiki su yaƙe shi, sai suka haɗa har da wuyana."

"Sojoji ke nan, ko a jiki sai sun wuce inda aka aike su!"

Zara'u ta lumshe ido. "Likita ya ba ni ƙwayar wuyan, ya ce waɗanda abin ya taɓa haka sukan fi daɗewa a duniya. Bai yi alkawari ba. Amma tun ranar nake mafarkin ina zaune a inuwar mangwaro, jikoki na kakkaɓo 'ya'ya."

"Cikin wannan fari? Mangwaro fa sai ya yi shekaru."

Zara'u ta shafa kumburin, ta gyara ma dashen zama.

"Na sani, Inna. Shi ya sa na saye shi."