Ranar da Hawaye Suka Ƙi Zuwa Mini a Anka

Fasto mai gabatarwa, salama a cikin sunan Yesu, kai da dukan masu sauraro. Sunana Rifkatu, nas ce ni a asibitin Anka, a ɗakin yaran da gubar dalma ta kama.

Da na fara aikin nan, duk yaron da ya rasu sai na ɓuya na yi kuka. Makon jiya wata tsohuwa ta kawo jikanta daga Abare, yana ta jijjiga. Muka yi ta fama tun safe, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Ka san abin da ya fara zuwa zuciyata? "To, yanzu na samu in zauna." Ko ɗigon hawaye babu.

Maimakon in ba tsohuwar haƙuri, ita ce ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, tafi ki ci abinci. Tun safe nike ganinki tsaye. Allah shi saka miki."

Kunya ta rufe ni. Ta ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana, alhali gajiya ce kawai. Tun ranar, in na durƙusa zan yi addu'a sai bakina ya yi nauyi.

Fasto, da ku 'yan'uwa ma'aikatan asibiti, zunubi ne mutum ya gaji har tausayi ya ƙare masa? In na nemi hutu, na gudu na bar yaran ke nan? Ku ba ni shawara, ku sa ni a addu'a. Gobe da safe ina da aiki, kuma ba na so in taɓa ɗan wani da irin wannan zuciya.