Jinina Ya Faɗi Abin da Bakina Ya Ɓoye

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku da sunan Yesu Kristi, wanda ya tsayar da ni a kan ƙafafuna yau. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Hannatu, 'yar Mama Saratu tela. Da yawanku kun san ni a cikin mawaƙa, a layin baya kusa da taga. Ina koyarwa a wata firamare a garin Katagum, ina dawowa gida Azare ƙarshen mako. Na rubuta shaidar nan a takarda ne don na san halina. In na tsaya da baki kawai, kuka zai ƙwace rabinta.

Ciwon a yatsuna ya fara. Sai in tashi da safe in ga sun kumbura sun ƙage, alli ma ba na iya riƙewa sai rana ta ɗaga. Daga nan zazzaɓi ya shigo, ya tafi, ya dawo. Aka ce cizon sauro ne, na sha magani. Aka ce taifot ne, na sha allura har na rasa gefen da zan kwanta. Ni da nake son zuwa bakin kogi bayan an tashi makaranta, in zauna ina kallon balbelu ina rubuta waƙoƙi a bayan littafin darasi, na koma ba na iya taka ko rabin hanyar.

Na rame ƙwarai. Sau uku Mama tana rage mini shuɗiyar rigata ta zuwa sujada.

A nan zargi ya shige ni. Wata Asabar bayan koyon waƙa na sha ruwa a moɗa, sai na ga 'yar'uwar da ke bayana ta ɗauraye ta sau biyu kafin ta sha. Wata uwa kuma ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Hannatu, wannan ramar taki, kin dai je an duba ki da kyau?" Abin da ta faɗa ke nan. Amma kunnena kalma ɗaya ya ji: ƙanjamau. Na tuna alluran da aka yi ta yi mini a shagunan magani, wasu ban ma ga lokacin da aka ɓare sirinjin ba. Tsoro ya kama ni. Daga ranar, in mutum biyu suka yi magana ƙasa-ƙasa, da ni suke. In aka bar wuri kusa da ni a benci, gudu na ake yi.

Da na je asibiti a nan Azare, likita ya ce ba sauro ba ne, ba kuma taifot ba. Ya ce akwai wani bincike da suke yi a kan masu zazzaɓin da ya ƙi tafiya da ciwon gaɓoɓi, in na yarda za a riƙa ɗaukar jinina kowane wata. Ya yi mini bayani a hankali. Ya ce Allah ya sa wa jikin mutum garkuwa, kamar sojoji masu tsaron gari. In suka tashi faɗa, sukan bar alamu a cikin jini, alamun nan ne ake aunawa.

"Malama, ba wutar muke gani ba," in ji shi. "Hayaƙin muke aunawa. In ya yi yawa mun san ana ƙonewa a wani wuri, sai mu nemi wurin."

Na karanta takardar yarda sau biyu. An rubuta ƙarara cewa ba za a yi mini wani gwaji ba tare da izinina ba. Na sa hannu, amma ban gaskata ba.

Mai ɗaukar jinin wata ma'aikaciyar jinya ce, Hajiya Falmata, iyayenta 'yan Borno ne amma a Azare aka haife ta. Mace ce mai fara'a da tsokana. Ta cika ƙananan kwalabe huɗu, ta manna wa kowace lamba, ta jera su a kula mai ƙanƙara.

Na ce, "Hajiya, ban ga kin rubuta sunana ba."

Ta ce, "Don rufin asirinki ne, ƙanwata. Wasu kwalaben za su tafi wani ɗakin gwaji mai nisa, lamba kawai za su gani."

Rufin asiri! Wane asiri? Ashe sun riga sun san wani abu a kaina? Na fito na wuce gida. Da na gaya wa Mama, ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "Kwalba huɗu? Miya za su yi da shi? Mutum ba shi da jinin ma, suna kwasa." Da wasa ta faɗa, amma ni na ajiye maganar a zuciya.

Sakamakon watan farko ya fito, alamun sun yi sama sosai. Likita ya ce a ƙara auna wata mai zuwa kafin ya yanke maganin da zai ɗora ni a kai. Ni kuwa damuwata ba gaɓoɓina ba ne. Damuwata idon mutane.

'Yan'uwa, ga inda na faɗi.

A kasuwa na tarar da wata mai tallan magunguna a tire. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yan mata, sati biyu kawai ki ba ni, sai mijin aure ya bi ki da gudu." Ta ƙulla mini 'yan ƙwayoyi farare a leda, waɗanda ake kira sha ka fashe. Na juye su a gwangwanin hodata da ta ƙare, na riƙa sha kullum, ba wanda ya sani.

Abin mamaki, ciwon ya lafa. Yatsuna suka saki, cin abinci ya buɗe, kumatu suka ciko. A nan cikin ikkilisiya aka riƙa ce mini, "Kai, Hannatu, Allah ya amsa addu'a!" Ina cewa amin, na san abin da ke cikin jakata. Mama ce kaɗai ba ta gamsu ba. Wata rana ta zagaya ni da tef ɗin awo, ta auna damtsena, ta dubi fuskata.

"Fuska kamar wata ɗan daren sha huɗu, hannu kamar kara," ta ce. "Shekara talatin ina awon mutane, ban taɓa ganin ƙiba ta fara daga kumatu ta tsaya a nan ba."

Na ce, "Mama, sauƙi ne." Har ita na fara zargi, ko Hajiya Falmata ce ta sa ta ta sa mini ido.

A wata na biyu alamun suka faɗo ƙasa warwas. Likita ya juya takardar gaba da baya. Ya ce, "Akwai wani magani da kike sha? Na kemis, ko na gargajiya?"

Na dubi tsakiyar idonsa na ce, "Babu."

Ya ce tunda jiki yana kwantawa da kansa, bari a dakata da maganin da ya yi niyyar fara mini. Da bakina na kori maganina!

Sai damina ta kankama. Ruwa ya cinye hanya, na maƙale a Katagum sati biyu, ƙwayoyin suka ƙare. Kwana uku bayan haka na yanke jiki na faɗi a gaban allo. Da ruwa ya ja aka kawo ni Azare, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, fitsarina yana kumfa kamar an zuba omo.

Likita ya jera takardu uku a kan tebur. Ya nuna da biro: sama, ƙasa, sannan sama fiye da na farko.

"Malama, cuta ba ta yin irin wannan tsallen ita kaɗai. Yanzu kuma abin ya fara taɓa ƙodarki. Maganin da kike bukata mai ƙarfi ne, ba zan ɗora ki a kai ba alhali ban san me ke cikin jikinki ba. Ƙoda in ta tafi, ba ta dawowa."

Hajiya Falmata ta ja ni gefe, ta rufe labule. "Ƙanwata, tsakanina da ke. Me kike sha?"

A raina na ce, ga tarko. So suke in faɗa, su rubuta, gobe Azare duka ta ji cewa malamar makaranta tana ɓoye ramar ƙanjamau da maganin ƙiba. Na ce, "Hajiya, na ce babu."

Ta ce, "To. Likita ya ce ki dawo Litinin. Allah ya kai mu."

Ranar Asabar da tsakar rana na lallaɓo nan majami'a. An gama shara, an yayyafa ruwa, ba kowa sai tattabaru a saman kwano. Na durƙusa a layinmu na baya. Kun san addu'ar da na fara? "Ubangiji, ka tona asirin masu neman ɓata mini suna!" Na yi ta maimaitawa har muryata ta dushe.

Da na gaji, sai wata tambaya ta sauko mini a zuciya, a hankali, ba tsawa: Hannatu, a cikin wannan magana duka, wa ya yi ƙarya?

Na fara lissafi. Likita bai yi mini ƙarya ba. Hajiya Falmata ba ta yi ba. Mama ba ta yi ba. Ita ma 'yar'uwar nan mai moɗa, na tuna ko bayan Fasto sau biyu take ɗauraye ta, haka halinta yake. Mutum ɗaya ce ta rage, tana durƙushe da gwangwanin hoda a jaka.

Na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba. Na ce, "Yesu, ni ce. Ka gafarta mini. Ko me jinin nan zai faɗa, ka riƙe hannuna in ji shi." Haleluya! Nauyin da na ɗauka wata da watanni, a kan simintin nan na sauke shi.

Litinin da safe na ɗora gwangwanin a kan teburin likita, da sauran ƙwayoyin da na sake saya. Hajiya Falmata ta buɗe, ta riƙe baki.

"Sha ka fashe! Ai kuwa saura ƙiris ki fashe mana a nan. Shi ne kika bar mu muna zargin injin awo?"

Ba wanda ya yi mini faɗa. Likita ya ce ƙwayar nan tana kwantar da sojojin jiki na ɗan lokaci, shi ya sa alamun suka sauka, kuma yanke ta lokaci ɗaya yana iya kashe mutum. Sai na ce, da bakina, a yi mini gwajin da nake tsoro. Aka yi, babu. Ina so ku ji wannan kuma: ko da an samu, da ban zama abin gudu ba. Masu ɗauke da ƙanjamau 'yan'uwanmu ne, a kan benci ɗaya muke zama. Na tuba da yadda na ɗauke su a zuciyata.

Bayan wasu gwaje-gwaje aka gano ciwona. Garkuwar jikina ce ta rikice, ta daina bambanta baƙo da ɗan gida, ta juyo tana yaƙar gaɓoɓina da ƙodata. Da likita yake bayani sai na sunkuyar da kai, don na ga abin da zuciyata ta yi wa masu ƙaunata.

Cikin magungunan da ya rubuta mini har da 'yar'uwar wannan ƙwayar, amma a kan awo, ana ragewa kaɗan-kaɗan, ana duba jini. Ba zan ce muku ciwon ya tafi kwata-kwata ba. Har yanzu ina shan magani, har yanzu ina miƙa wa Hajiya Falmata hannu kowane wata, tana tsokanata da tambayar wai ina gwangwanin hoda. Amma alamun sun sauka, wannan karon da gaskiya. Ƙodata ta tsira. Na koma aji, na koma bakin kogi. Yabo ga Ubangiji!

Makon jiya na ce wa Mama shuɗiyar rigata ta matse ni, sai dai a ɗinka wata. Ta karɓa, ta juya cikinta, ta fara warware ɗinkin da reza. Yadi ya yi ta fitowa.

"Duk ragin da na yi, ban yanke ko zare ba," in ji ta. "Naɗewa na yi a ciki. Na san za ki dawo ki cika ta."

Ita ce a jikina yau.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na mutu da gwangwani a jaka ba. 'Yar'uwa, ɗan'uwa, in akwai abin da kake sha a ɓoye don tsoron bakin mutane, ka kai shi gaban Ubangiji, sannan ka ɗora shi a kan teburin likita. Ka dogara ga Allah, ka faɗi gaskiya. Wanda ya riƙe hannuna zai riƙe naka.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.